Babi na Bakwai: Lanƙwasar da Ƙanjamau ke Ara

A wani hunturu, wani abokina mai noman shinkafa a Tanda, can bakin kogi gaba da Gaya, ya aiko mini saƙo a waya: "Yau kura ta hana mu fita." Na daɗe ina duban saƙon. Kura a cikin gari, da rana tsaka? Da na kira shi sai ya fashe da dariya, ya ce, "Haba malam, ƙura dai, ƙurar hunturu. Ko giginyar bakin fadama ba a hangowa." Ashe wayarsa ce ba ta da ƙa mai lanƙwasa. Haruffa huɗu ya rubuta, duk daidai suke, amma ƴar ƙugiyar da ke kan na farkon ta faɗi a hanya, sai iska ta koma dabba.

Wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tun kafin boko ya zo. Yaro yakan fara da babbaƙu, baƙaƙe tsirara, sannan a kai shi farfaru, inda wasali ke hawa kan baƙi ya ba shi murya. Alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani da hannu sukan gama shafi da baƙar tawada tukuna, sannan su dawo da ja su bi shi da wasali. Shafin da ba a yi wa wasali ba bai rasa baƙi ko ɗaya ba, amma ba kowa zai iya karanta shi ba.

A cikin jikin ɗan Adam akwai rubutu mai irin wannan hali, kuma ƙwayar cutar ƙanjamau, wadda mu a Nijar muka fi kira sida, ta ƙware wajen cin moriyarsa.

Jikinmu tarin ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira sel. A ƙuryar sel akwai DNA, babban kundin da ba a fita da shi ko ƙofar ɗaki. Idan sel yana bukatar wani furotin, sai ya kwafi shafin da ake so a kan wata takarda mai saurin lalacewa da ake kira RNA, a fito da ita tsakar gida, a karanta, a ƙera abin da ta ce. Baƙaƙen RNA huɗu ne kacal: A, U, G da C. Haka aka koya mana a makaranta, kuma ba ƙarya aka yi mana ba, rabin magana dai aka faɗa. Tun shekarun 1950 masana suka ci karo da wani U da aka ɗan murɗa, suka sa masa suna sudoyuridin. Yau an san ire-iren irin wannan ƙari sama da 170 a jikin RNA. Wanda ya fi yawa a tsakiyar takardun saƙon sel shi ne m6A, da aka gano a 1974. Harafin A ne aka maƙala masa wani ɗan guntun sinadari mai suna metil, kabon ɗaya da haidirojin uku. Ƙugiyar ke nan.

Kusan shekara arba'in aka yi an san ƙugiyar tana nan, amma ba a san a wane layi take ba. Dalilin shi ne irin na wayar abokina. A ɗakin gwaji, idan ana son karanta RNA, akan fara mayar da ita DNA, kuma a wajen wannan kwafi m6A da A duk abu ɗaya suke fitowa. Sai a 2011 ƙungiyar Chuan He a Jami'ar Chicago ta nuna cewa wani furotin mai suna FTO yana iya goge ƙugiyar. Abin da ake gogewa a sake rubutawa kuwa ba ado ba ne, saƙo ne. A 2012 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Isra'ila ɗaya a New York, suka samo hanyar fito da taswirar wuraren da m6A ke zama. Daga nan aka gane ma'aikatan wannan ofis kashi uku ne. Akwai masu rubutawa, METTL3 da abokin aikinsa METTL14. Akwai masu gogewa, FTO da ALKBH5. Akwai kuma masu karantawa, dangin da sunansu ke farawa da YTH, su ne ke duba takarda su yanke mata hukunci: wannan a fita da ita daga ƙurya, wannan a gaggauta aiki da ita, wannan a yaga.

To ga HIV, ƙwayar cutar ƙanjamau, ta shigo. Dukiyarta duka RNA ce mai haruffa dubu tara da ƴan ɗaruruwa, kwafi biyu a cikin ɗan ƙunshi, alhali DNA ɗin mutum ya kai haruffa biliyan uku. Matafiyi ne mai ƙaramar jaka. Wasu cututtukan, irin korona da shawara, suna tafe da nasu furotin na maƙala metil. HIV ba ta da ko ɗaya. Duk ƙugiyar da aka gani a jikin RNA ɗinta, ma'aikatanmu ne suka rubuta mata.

Aron nata ma yana farawa tun kafin ta shiga sabon sel. Aikinta na farko idan ta faɗa cikin sel mai alamar CD4, wato sojan garkuwar jiki da ta fi so, shi ne ta mayar da RNA ɗinta DNA, don ta cusa shi cikin kundin mai gida. Amma injin kwafin nata ba ya iya fara rubutu a kan fanko, sai an ba shi bakin zare. Bakin zaren nan wata ƙaramar RNA ce tamu, mai suna tRNA-Lys3, wadda aikinta na halal shi ne dakon kayan haɗa furotin. HIV takan sace ta daga sel ɗin da aka haife ta, ta ƙunsa a jakarta. Haruffa 18 na ƙarshen wannan ƴar dako sun dace cif da wani gurbi a RNA ɗin cutar. Can gaba cikin aikin, injin yana dawowa ya kwafi waɗannan haruffa 18, kuma dole ya tsaya a nan, kada ya wuce. Me ke tsayar da shi? Harafi na 58 a jikin ƴar dakon A ne mai ɗauke da metil ta wata fuskar daban, wanda ake kira m1A. Injin yana isowa gare shi sai ya ci birki, kamar mai karatu ya iso ɗauri. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka nuna cewa idan babu wannan alama kwafin yakan zarce ya lalace. Ni dai duk cikin wannan ilimi babu abin da ya fi ba ni mamaki kamar wannan: cutar da ta kashe mutane sama da miliyan 40 ta dogara da ɗigo ɗaya, kuma ɗigon namu ne.

Shekarar 2016 ce ta buɗe rigimar m6A da HIV. Ƙungiyoyi uku a Amurka suka fitar da sakamakonsu cikin ƴan watanni, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba. Ta Tariq Rana a San Diego ta ga cewa idan aka rage METTL3 ko METTL14 a cikin sel, cutar takan ragu wajen hayayyafa, idan kuma aka rage mai gogewa ALKBH5 sai ta ƙaru. Sun kuma ce akwai ƙugiya a wani lanƙwasasshen yanki na RNA ɗin cutar da ake kira RRE, inda furotin ɗinta mai suna Rev ke kamawa ya fito da ita daga ƙurya. Ta Bryan Cullen a Jami'ar Duke ta yarda cewa m6A na taimakon cutar, amma ta ce ƙugiyoyin sun taru ne can wajen wutsiyar RNA, kuma masu karatu na dangin YTHDF su ne ke ƙara mata ƙarfi. Ta Li Wu a Jami'ar Jihar Ohio kuwa ta zo da akasin haka game da masu karatun: ta ce idan suka yi yawa a sel, sukan kama RNA ɗin cutar da ta shigo su hana a mayar da ita DNA.

Mai karanta wannan babi zai iya cewa, to wa za mu yarda da shi? A ganina kowannensu ya riƙe wani sashe na giwar ne. Sun yi aiki da sel iri daban-daban, da hanyoyin aunawa daban, kuma mafi muhimmanci, sun duba lokuta daban na rayuwar cutar. RNA ɗin da ta shigo daga waje baƙuwa ce, mai karatu ya kama ta ya zama cikas gare ta. RNA ɗin da sel ya kwafo daga kundinsa bayan cutar ta riga ta zauna kuwa kamar ƴar gida take, ƙugiyar tana sa a kula da ita. Wani bincike da aka yi a New York a 2020 ya ƙara nauyi a wannan fassara. An ga YTHDF3 yana shiga cikin ƙunshin sabuwar ƙwayar cuta tun wajen haɗa ta, sai almakashin cutar, furotiyes, ya daddatsa shi. Ba a ɓata ƙarfi wajen yanka abin da ba ya cutar da kai.

Yanzu mu koma Gaya, don sauran labarin a bakin iyaka ya fi fahimtuwa.

Wanda ya san Gaya kafin a rufe gadar da ke haɗa ta da Benin a 2023 ya san layin kamiyo, manyan motocin kaya. Kaya daga tashar jirgin ruwan Kwatano su biyo ta Paraku zuwa Malanbil, su haye kogin Isa, wanda ƴan Najeriya ke kira Kwara, su tsaya a duwan, wato kwastan. Ta gabas kuma ga hanyar Kamba. A lokacin direba kan kwana biyu, uku, wani lokaci mako, yana jiran takarda, yana shan shayi a gindin motarsa. Na sha tsayawa ina kallon yadda jami'i ke karɓar takarda: ba ya karanta layi-layi, idonsa kan sauka kai tsaye kan hatimi. Hatimin ya cika, a ɗaga sanda. Garuruwan iyaka irin wannan, inda maza ke kwana nesa da gida da kuɗi a aljihu, su ne masu yaƙi da sida suka fi sa wa ido a duk Afirka ta Yamma, ko da yake Nijar na cikin ƙasashe masu ƙarancin cutar. Binciken ƙasa na 2012 ya samu kashi 0.4 cikin ɗari na manya, na Najeriya a 2018 ya samu 1.4.

Sel ma yana da nasa duwan. Wasu furotin biyu, RIG-I da MDA5, suna sintiri a tsakar gida suna laluben RNA ɗin da ba ta gida ba. Idan suka kama, sai sel ya saki intaferon, wato kururuwar da ke sa maƙwabta su rufe ƙofa. Su ma ba sa karanta layi-layi. Siffa suke dubawa, da hatimi. RNA ɗin gida tana ɗauke da metil a wurare sanannu, baƙuwa kuwa yawanci tsirara take zuwa.

A 2019 ƙungiyar Yamina Bennasser a birnin Montpellier na Faransa ta nuna yadda HIV ke samun hatimi. Akwai wani furotin namu, TRBP, da ke manne wa RNA ɗin cutar, shi kuma sai ya janyo wani mai suna FTSJ3, wanda ke buga metil a kan sukarin da ke kashin bayan RNA, ba a kan harafin kansa ba. Dillali da mai hatimi ke nan, duk ƴan gida. Da masu binciken suka haifi cutar a cikin sel ɗin da aka rage wa FTSJ3, sai ta fito da ƙarancin hatimi, MDA5 ya gane ta, intaferon ya tashi, hayayyafarta ta ragu. Bayan shekara biyu ƙungiyar Li Wu, wanda a lokacin ya koma Iowa, ta nuna m6A ma yana irin wannan aiki a gaban RIG-I. Hatimin ba jabu ba ne, shi ya sa abin ke da wuya. Na gaskiya ne, daga ofishin gaskiya, a kan takardar ɓarawo.

Wannan dabara ɗaya ce da wadda ta ba duniya allurar korona. Katalin Karikó, ƴar asalin Hungari, da Drew Weissman, wanda burinsa na farko rigakafin ƙanjamau ne, sun nuna a 2005 a Jami'ar Pennsylvania cewa RNA ɗin da aka haɗa a ɗakin gwaji tana tayar da garkuwar jiki, amma idan aka sa mata gyararrun haruffa irin su sudoyuridin sai ta wuce lami lafiya. Allurar Pfizer da ta Moderna da wani ɗan uwan wannan harafi aka yi su, kuma mutanen biyu sun karɓi kyautar Nobel a 2023. Abin da suka sha shekaru suna nema, cuta ta riga su sani.

Akwai wasu ƙugiyoyin. Ƙungiyar Cullen ta ba da rahoton m5C, wanda NSUN2 ke sa wa harafin C, a 2019, da kuma ac4C, wanda NAT10 ke sawa, a 2020, dukansu suna taimaka wa RNA ɗin cutar ta daɗe ko ta yi aiki da kyau. Ba zan tsaya a kansu ba, labarin iri ɗaya ne.

Tambayar da abokina na Tanda zai yi, na sani, ita ce: to yaushe maganin zai fito? Gara in faɗi gaskiya, ba a kusa ba, kuma mai yiwuwa ba ta wannan ƙofa ba. Magungunan da ake bayarwa kyauta a cibiyoyin kula da masu sida, irin ƙwaya ɗaya a rana mai haɗin tenofobir da lamibudin da dolutegrabir, suna dukan kayan aikin cutar ne kai tsaye, injin kwafinta da injin cusa DNA ɗinta, abubuwan da nata ne, ba na jikinmu ba. Shi ya sa mutum ke shan su shekara da shekaru yana noma yana kasuwa. Amma METTL3 namu ne. Ɓeran da aka cire wa shi ba ya ko kaiwa haihuwa, tun yana ciki yake mutuwa. An dai haɗa sinadarin da ke toshe shi, STM2457, a Cambridge ta Ingila, aka ba da rahotonsa a 2021 don sankarar jini, kuma an fara gwada wani ɗan uwansa a kan masu sankara. Mai sankarar da ta ci ƙarfinsa zai iya jure magani mai zafi na ƴan watanni. Mai ɗauke da HIV da ke lafiya ƙalau da ƙwayarsa ɗaya ba shi da dalilin ƙona rumbu don ɓera.

Inda nake ganin ilimin zai yi rana shi ne wajen cutar da ke kwance. Magani yana hana HIV yaɗuwa, amma DNA ɗinta na nan a ɓoye cikin kundin wasu sel, shiru, shekara da shekaru, kuma da an bar magani sai ta farka cikin makonni. Duk abin da ke iko da fitowar RNA daga wannan maɓoya, ko ya tashe ta a gan ta a kashe, ko ya rufe bakinta har abada, abin nema ne. Mutanen Gaya sun san me yankewar magani ke nufi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, gadar ta rufe, kaya har da na asibiti suka maƙale a ɓangaren Benin, jama'a suka koma haye kogi da kwalekwale. Mai shan ƙwaya kullum ba ya jin labarin rufe iyaka kamar yadda sauran mutane ke jin sa.

Akwai kuma wani abu da ke damuna duk lokacin da na karanta waɗannan bincike. Akasarinsu an yi su ne da nau'in cutar da aka saba renonsa a ɗakunan gwajin Turai da Amurka, irin su NL4-3, ƴan rukunin B. Wanda ke yawo a hanyar Kwatano zuwa Yamai ba shi ba ne. A Nijar nau'o'in da suka fi yawa gauraye ne, CRF02_AG, wanda aka fara bayyana samfurinsa daga Ibadan, da CRF06_cpx, wanda ya yaɗu a Nijar da Mali da Burkina Faso. A yankinmu ne kuma aka gano HIV-2 a tsakiyar shekarun 1980, wadda ta fi ƴar uwarta sanyin hali. METTL3 ba ya buga ƙugiya ko'ina, yana neman wani jerin haruffa ne, mafi shahara GGACU, ya sa wa A na tsakiya. Harafi ɗaya ya canza a wannan jeri, ƙugiya ta ɓace ko ta koma wani wuri. Cutar da ke canza haruffa kamar hawainiya, dole a karanta ta a inda take zaune, da jinin mutanen wurin.

Na'urar yin haka ma ta samu. Akwai wata ƴar ƙarama, ba ta wuce tafin hannu ba, ta kamfanin Oxford Nanopore, da ake jona wa kwamfuta. Ba ta mayar da RNA ta zama DNA kafin karatu. Zaren RNA ɗin kansa take zurawa ta wani rami mai matuƙar ƙanƙanta, tana auna yadda wutar lantarki ke rawa yayin da haruffa ke wucewa. A mai ƙugiya rawarsa daban da A tsirara. Da ita ne wata ƙungiya a Jami'ar Jihar Ohio ta karanta RNA ɗin HIV zare-zare daga kai zuwa wutsiya, ta ba da rahoto a 2024 cewa wurare uku ne m6A ya fi zama a kai, dukansu kusa da wutsiya, inda Cullen ya nuna tun farko.

Gwajin da ake yi wa mai shan magani a ƙasarmu, na auna yawan ƙwayar cuta a jini, shi ma RNA ɗin nan yake ƙirgawa. A ɗebi jini a kwalba, a rubuta lamba a jikinta, a aika inda injin yake, bayan kwanaki takarda ta dawo hannun majo, malamin asibiti. Idan adadin ya sauka ƙasa da 1,000 a kowane mililita, maganin na aiki. Idan ya yi ƙasa da 200, mutum ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar kwanciya. Injin yana fara mayar da RNA ɗin DNA kafin ya ƙirga, don haka babbaƙu kawai yake gani. Ƙugiyoyin da ke cikin jinin mai shan magani a Tanda suna zubewa ne tun a matakin farko na gwajin, kafin a buga lambar da majo zai karanta masa.